Shekarar da Na Koya wa Ummi Tafiya da Rashanci

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin jama'armu ta nan Maryland, na kuma san ta iso kunnenku ku ƙannen Ummi, domin na taɓa jin Kabiru yana maimaita ta a waya, bai san ina falo ba. Maganar ita ce wai ni na ɗauki yayarku na jefa ta uwa duniya, alhali mahaifiyarku tana kuka tana roƙona in bari. Rabin maganar gaskiya ne. Mahaifiyarku ta yi kuka, ni kuma na amince aka yi tafiyar. Sai dai masu ba da labarin daga ƙarshe suke soma shi, ba su san daga inda ya taso ba. Tun da Allah ya ara mini rai na ajiye aiki na zauna ina rubuta muku abin da na gani, bari in ba ku wannan shekarar yadda ta gudana, domin ku yi hukunci da kanku.

A lokacin muna zaune a Landover, a bene na biyu, gidan nan da ƙamshin girkin maƙwabtanmu 'yan Ghana yake hawowa ta tagar kicin. Ni ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, ba mai jiniya ba, irin wadda take kai tsofaffi ganin likita ko wankin ƙoda ta mayar da su gida. Mahaifiyarku tana ɗinki, tana kuma yi wa masu biki da suna abinci. Ummi tana jami'a tana karanta hulɗar ƙasa da ƙasa, tana kwana can, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Sunan mahaifiyata Safiya ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa wuce babba ba ta rusuna ta gaishe shi ba, amma Hausarta a gaisuwa take ƙarewa. Duk abin da aka faɗa tana ji, amsa kuwa sai da Turanci. Mahaifiyarku ta yi faɗa har ta gaji. Haka gidan yake, ana jefa magana da Hausa daga kicin, tana dawowa da Turanci daga ɗaki.

Ku kun san na yi karatu a Rasha kamar yadda kuka san ina da tabo a gwiwa, abu ne da ya faru tun kafin a haife ku. Kun ga hotona da ƙatuwar hular gashi kun yi dariya, shi ke nan. Ina saurayi aka zaɓe ni daga Funtuwa aka tura ni Tarayyar Sobiyat in koyi aikin narka ƙarfe, domin wata babbar masana'anta da aka ce za ta ɗauke mu aiki idan mun dawo. Mun dawo da takardunmu, aikin bai zo yadda aka faɗa ba, rayuwa ta yi ta juya ni har ta ajiye ni bayan sitiyari a Amurka. Ilimin ƙarfen ya tafi a hankali. Amma harshen bai tafi ba. Yana nan a ƙirjina kamar rigar da aka ninke aka sa a ƙasan akwati, ban dai sami ranar sa ta ba, sai fa wata tsohuwa Barashiya guda cikin fasinjojina da nake ɗan gaisawa da ita.

Wata Asabar da hantsi na dawo daga kai wani dattijo asibiti, na tarar da Ummi a teburin kicin ta kifa kai a kan littafi. Mahaifiyarku tana yanka albasa, ta yi mini nuni da ita da haɓa.

"Ga 'yar taka nan. Tun da ta zo ko ruwa ba ta sha ba. Wai ta faɗi jarrabawa."

Ummi ba ta saba faɗuwa ba. Na ja kujera na zauna, na jawo littafin. Da na ga haruffan sai na gane su nan take. Ashe karatun nata ya wajabta mata ɗaukar wani harshe, ta zaɓi Rashanci, ta yi shiru ba ta gaya mini ba, wai tana so sai ta iya ta ba ni mamaki. Shekarar farko ta tafi lafiya. A ta biyu suka iso wurin da kowane ɗalibin Rashanci yake cin tuntuɓe, wato kalmomin tafiya. Ta bayyana mini da Turanci cewa idan ta sake faɗuwa za ta rasa tallafin karatun da take samu, don haka ta yanke shawarar ajiye darasin ranar Litinin.

"Baba, mutanen nan ba su da hankali," in ji ta. "Kalma ɗaya ce a Turanci. Su kuma sun fasa ta gida-gida. Duk wadda na zaɓa, malamar sai ta ce ba ita ba ce."

Na yi dariya har mahaifiyarku ta harare ni. Na ce mata ba ita nake yi wa dariya ba, kaina nake tunawa. Na ba ta labarin makonnina na farko a garin Voronezh, inda ake koya wa baƙi harshe kafin a raba su makarantu. Malamarmu wata doguwar mace ce mai suna Tamara, ba ta fiye murmushi ba. Ta sa kowa ya tashi ya faɗi daga ina ya zo. Ni na riga na haddace jimlata, na miƙe da ƙarfin gwiwa na ce, "Ya prishol iz Nigerii." A wurina na ce na zo daga Nijeriya. Matar nan ta sauke tabarau, ta zagayo daga bayan teburinta, ta tsaya tana kallon takalmana. Ta ce lallai takalma ne masu ƙwari, ta tambaye ni yadda na yi da hamada da kuma teku. Ajin ya fashe da dariya. Ashe kalmar da na ɗauko ta mai zuwa da ƙafa ce. Wanda abin hawa ya kawo shi priyehal yake cewa. Tun daga ranar ban sake mantawa ba cewa Barashe ba ya motsawa sai ya faɗa maka da ƙafa ne ko bisa wani abu.

Ummi ta ɗago kai. Ban taɓa yin Rashanci a gabanta ba, sai ta tsaya tana kallon bakina kamar ba nawa ba. Na ce mata kada ta ajiye darasin, ni zan koya mata, amma da sharaɗi. Turancina na aiki ne, na tambayar adireshi da gaida marasa lafiya, ba zai ɗauki wannan kaya ba. Ni da Hausa na fahimci abin nan tun farko, da Hausa kuma zan iya bayar da shi. Duk jimlar da za ta yi da Rashanci, sai ta fara faɗinta da Hausa.

"Baba, wannan ai aiki biyu ne," ta ce.

"Aiki ɗaya ne," na ce. "Za ki gani."

Ba mu zauna a tebur ba, domin na san tebur ne ya kayar da ita. A mota muka yi karatunmu. Kowace Juma'a da yamma ni nake ɗauko ta daga makaranta, ranar Asabar kuma tare muke zuwa Wheaton sayen kayan miya. Ina tuƙi ina nuna mata mutane. Zan rubuta muku kalmomin yadda kunnena yake jin su, ba yadda suke a littafi ba. Na fara da raba mata ƙafa da abin hawa, wanda shi ne mai sauƙi: idti da hadit na ƙafa ne, yehat da yezdit na mota da jirgin ƙasa da doki. Sai na zo kan abin da yake ruɗa ta, wato me ya sa kowanne ya zama biyu. Na nuna mata wani mutum riƙe da jaka ya nufi tashar bas, na ce idan ta tare shi ta tambaye shi, da Hausa me zai ce. Ta yi ta lalube, can ta ce, "Za ni tasha." Na ce madalla, wannan shi ne ya idu, mutum yana kan hanya, fuskarsa wuri ɗaya take kallo. Na ce to idan kullum can yake zuwa fa? Ta ce, "Nakan je tasha." Na ce wannan shi ne ya haju, zuwa da dawowa, yau da gobe. Muka wuce danja biyu. Sannan ta ce, da Turanci, ai malamar ta yi ta zana musu kibiyoyi a allo, mai kai ɗaya da mai kai biyu, ba ta taɓa jin abin a jikinta ba sai yanzu. Abu ɗaya da ya daɗe yana ba mu dariya shi ne kalmar ya, wadda a Rashanci take nufin ni, a Hausa kuma wani ne can. Sau da yawa takan rikice ta rasa ko ita ce take tafiyar ko wani.

Yanzu ga abin da masu ba da labari ba su sani ba. Babbar malamar wannan darasi mahaifiyarku ce. Wata rana muna cin abinci ina ƙoƙarin raba wa Ummi tsakanin on hadil da on ushol, na yi bayani na sake yi, abin ya ƙi shiga. Ummi ta gwada da Hausa ta ce, "Jiya Baba ya tafi masallaci sau biyu." Mahaifiyarku ta ajiye cokali.

"Wace irin magana ce wannan? Ya je masallaci sau biyu dai. In ya tafi, ai yana can. Wa ya dawo da shi har ya sake tafiya?"

"Mama, ba ɗaya ba ne?"

"Ina fa ɗaya! In baƙo ya yi sallama yana neman babanku kika ce masa ya tafi kasuwa, sai ya juya ko ya zauna jira. In kika ce ai ɗazu ya je kasuwa, ga kayan ma, to ya san mutum yana cikin gida."

Na bugi tebur har ruwa ya zube. Na ce wa Ummi ta riƙe wannan da kyau, abin da na kasa faɗa ke nan. Ya je shi ne hadil, an je an dawo. Ya tafi shi ne ushol, wurinsa babu kowa. Mahaifiyarku ba ta san ko harafi ɗaya na Rashanci ba, amma daga ranar ta zama alƙaliyarmu. Ummi takan tsaya a ƙofar kicin da littafi a hannu tana tambaya, mene ne bambancin fita da fito, kai da kawo, koma da komo. Mahaifiyarku tana tuƙa tuwo tana amsawa, fuskarta kamar ba ta damu ba, amma ni na san matata. Ta yi shekaru tana jiran ranar da yarinyar nan za ta tambaye ta wani abu da Hausa. Ban ɓoye wa Ummi cewa harsunan biyu ba ko'ina suka yi daidai ba. Bahaushe yana kula da ko abu wajensa ya nufo, shi ya sa shiga daban shigo daban, Barashe kuwa kalma ɗaya yake yi musu. Shi kuma Barashe yana raba ɗaukar abu a hannu da ɗaukarsa a mota da jan mutum a tafi da shi, mu ba mu damu ba. Amma wanda ya san harshensa yana da irin waɗannan lunguna, ba ya tsorata idan ya tarar da su a gidan wani.

Da na ga ta fara tsayawa da ƙafarta, sai na kai ta wurin tsohuwar nan fasinjata, Vera, wadda nake kai wa wankin ƙoda. Ita kaɗai take zaune, 'ya'yanta suna wata jiha. Ta dafa mana shayi mai ƙarfi, ta sa Ummi a gaba da tambayoyi, ina ta je jiya, da me ta je, yaushe ta fito, wa ya kawo ta. Duk inda Ummi ta kuskure, tsohuwar sai ta ɗaga yatsa ta gyara ba tare da tausayi ba. Ummi ta fito gumi ya jiƙa mata ɗankwali, amma mako na zagayowa ta ce in mayar da ita. Daga baya ma da kanta take hawa bas ta je, ta yi wa tsohuwar cefane, su zauna hira.

Jarrabawar ƙarshen zango ta zo, Ummi ta ci, ba ci na tsira da ƙyar ba. Malamarta ta kira ta ofis ta tambaye ta wa yake koya mata. Bayan 'yan watanni malamar nan ta sa sunanta cikin ɗaliban da za a tura su yi shekara guda a inda ake magana da harshen. Saboda halin da duniya take ciki, ba Rasha za a kai su ba, Almaty ne, babban birni a ƙasar Kazakhstan. Ummi ta kawo maganar ranar wata Lahadi bayan azahar. Ta kai shekarun da dokar ƙasar nan ba ta neman izinina a kan komai nata, ta kuma san haka. Duk da haka ta durƙusa a gabanmu ta ce ba za ta je ba sai mun yarda.

Mahaifiyarku ba ta ma bari ta gama ba.

"Ba inda za ta. Ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa ba? Wa muka sani a can? In ciwo ya kama ta wa zai dafa mata ruwan zafi? Malam, ka gaya mata."

Na ce a ba ni lokaci in bincika. Na je na ga malamar da kaina, muka yi magana da Rashanci har ta manta da shayinta ya huce. Na tambayi gidan da za a sauke ta, aka ce gidan wata malamar makaranta ce Musulma da 'ya'yanta mata. Na karɓi lambar matar na kira ta, muka daɗe muna magana, na ji muryar mutuniyar kirki. Kafin in gama binciken, magana ta riga ta fita. Na shiga kantin Alhaji Ilu a Wheaton sayen gero. Kun san Alhaji Ilu, mutumin Maraɗi, shi ne babbanmu a nan, shi ya karɓe ni ranar da na sauka ƙasar nan, a gidansa na kwana kafin in sami ɗaki. Ya ja ni bayan kanti ya ba ni kujera.

"Malam Hamisu, na ji wani zance, na ce sai na ji daga bakinka. Ɗiya mace za ka aika bayan duniya? Karatun lakkwal ɗin da ke nan bai ishe ta ba? Mu da muke fama mu riƙe su a nan kusa da mu, kai kana buɗe ƙofa. Gobe tawa ɗiyar ta ce ita ma za ta, me zan ce mata?"

Na ce masa na ji, na kuma gode, zan yi tunani. Ba ƙarya na yi masa ba, na yi tunanin. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne mahaifina. Lokacin da takardar tafiyata ta zo Funtuwa, mutane sun cika zaurenmu suna ce masa kada ya bari, ƙasar waɗanda ba su yarda da Allah ba ce, yaro zai dawo ba salla ba salati. Mahaifina baduku ne, bai yi boko ba. Ya bari suka gama, ya kira ni gabansu.

"Hamisu, a can ana gane gabas?"

"Ana ganewa, Baba."

"Akwai ruwa?"

"Akwai."

"To je ka. Abin da na zuba maka, in yana ciki yana ciki."

Na duba Ummi na ga abin da muka zuba yana ciki. Yarinyar da ba ta buƙatar izini ta zo ta durƙusa tana nema, wadda take hawa bas ta je ta yi wa tsohuwar da ba danginta ba cefane. Na kuma san ciwon mutum ya koyi abu da wahala a ce ya ninke shi ya ajiye, domin na ɗanɗana. Ranar Juma'ar da na ɗauko ta daga makaranta na tsayar da mota a gefen hanya na tambaye ta ko tana son tafiyar nan da gaske, ko kuwa don ta faranta mini ne. Ta amsa mini da Hausa tun daga farko har ƙarshe, tana tuntuɓe tana gyarawa. Ta ce tana so, tana kuma jin tsoro, amma son ya fi tsoron yawa.

Na sami mahaifiyarku a ɗaki tana kan keken ɗinki na gaya mata na yanke shawara. Ba ta ɗago ba. Ta gama layin da take ɗinkawa, ta yanke zare.

"Kai ka je ka dawo, shi ya sa kake ganin abin da sauƙi. Wannan yarinyar in ta tafi, ta tafi. Ni na haife ta, na san ta. Ban yarda ba, kuma kada ka ce wa kowa na yarda. Amma kai ne mai gida."

Ban taɓa ce wa kowa ta yarda ba, yau ma ban ce ba. Ita ta haɗa wa Ummi kaya, ta daka mata yaji, ta ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya, ta ɗinka mata riguna masu kauri. A filin jirgi ta rungume ta ta yi mata addu'a. Da muka dawo gida kuwa, sai ta rufe mini fuska. Watanni muka yi ba ta ce mini komai sai abin da ya zama dole, ga abinci, an kira ka, gas ya ƙare. Ku kuna gidan, kun gani, kun yi ta tafiya a kan yatsu. Alhaji Ilu bai daina amsa sallamata ba, amma ya daina jana bayan kanti, an kuma daina kirana idan za a sasanta wata rigima a cikin jama'a. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna.

Kuma maganar mahaifiyarku ta tabbata. Ummi ta yi shekararta ta dawo ta ƙarasa jami'a, amma hankalinta yana can. Ba a daɗe ba ta sami aiki da wata ƙungiyar agaji mai kula da asibitocin karkara a wancan yankin, ta koma. Bikin ƙanwarta Maryam 'yan kwanaki ta yi mana ta juya. Ranar da aka yi mini aikin zuciya, da na farfaɗo na ga fuskokinku a kaina, na ƙirga, babu tata, tana wani ƙauye a cikin duwatsu inda ko waya ba ta shiga sosai. Ba zan ce muku ban ji ba. Na juya fuskata bango don kada mahaifiyarku ta gani, amma ta gani.

Bayan na warke ta ce ita haƙurinta ya ƙare, za ta je ta dawo da 'yarta. Matar da ba ta taɓa hawa jirgi ba sai zuwa gida da zuwa Makka, Turancinta na cefane ne, ta sa Kabiru ya yanka mata tikiti. Na ce in raka ta, ta ce likita bai ba ni izini ba, kuma ko ya ba ni, ba ta son mai ɓata mata shiri. Ta ce mako biyu za ta yi. Mako biyu ya wuce, aka ɗaga tikiti, aka sake ɗagawa. Ni da ku muka yi ta cin shinkafar da nake dafawa, wadda wata rana takan yi ruwa wata rana ta ƙone. Idan na kira ta sai ta ce suna hanya, ko suna da baƙi, za ta kira ni.

Ranar da ta dawo na je filin jirgi na tsaya ina leƙen bayanta. Ta fito ita kaɗai, tana tura kaya, da wani lulluɓi mai kauri irin na can a kafaɗarta. Na karɓi kayan ban tambaye ta komai ba. Mun hau babbar hanya mun yi nisa kafin ta buɗe baki, tana kallon taga.

"Ta kai ni wani asibiti a ƙauye. Mata sun yi layi da jarirai. Da suka gan ta sai suka taso, wannan ta riƙe mata hannu, wannan ta sumbace ta a goshi. Wata tsohuwa da aka gaya mata ni ce uwarta, sai ta kama ni tana kuka tana magana. Na tambayi Ummi me take cewa. Ta ce ba za ta iya fassara mini ba, kunya take ji."

Na ci gaba da tuƙi.

"Ban ce mata ta dawo ba," ta ce. "Na buɗe baki zan faɗa ya fi a ƙirga, na kasa."

Muka ƙara tafiya. Sai da muka karyo kwanar unguwarmu ta juyo ta dube ni, kallon da ta daɗe ba ta yi mini ba.

"Malam, ba ka yi kuskure ba. Amma kada ka ɗauka na huce."

Na ce mata na ji, kuma na karɓa a haka. Har yau da nake wannan rubutu ba ta janye ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba, ni ma ban nemi ta janye ba. Tana nan a falo, in kuna shakka ku je ku tambaye ta.